Sifikokin Abba

Wata huɗu ke nan da Abba ya ce kada ya sake ganin ƙafar Mai Gyara a gidanmu, kuma duk a kan sifika biyu.

In na ba ƙawayena labari a makarantar da nake koyarwa dariya suke yi, don ba su san Abba ba. Shekara talatin ya yi yana kula da sauti a gidan sinima. Ranar da aka rufe gidan bai roƙi komai ba sai wasu manyan sifikoki biyu na katako, masu tsayi har ƙirjina. Suna nan a falonmu, ɗaya a daman talabijin, ɗaya a hagu. Umma kan ce 'ya'yan Abba bakwai ne, mu biyar da waɗancan biyun, kuma su kaɗai ne ba a taɓa yi wa tsawa ba.

Mai Gyara kuwa, wanda nake so tun shekara biyu da suka wuce, gyaran rediyo da amfilifaya yake yi a wani ɗan shago kusa da makarantarmu. Aibinsa ɗaya ne a duniya: in ka tambaye shi gaskiya, sai ya ɗauka gaskiyar kake so.

Ranar da ya fara zuwa gaida Abba, Abba ya kunna masa kayan yana ta fara'a, ya ce, "To, ɗan sana'a, yaya ka ji?"

Maimakon ya ce madalla ya sha ruwansa ya tashi, sai bawan Allah ya karkata kai ya ce, "Abba, kayan na da kyau, amma akwai abin da ba daidai ba. In ka ba ni izini in leƙa bayansu."

Daga wannan maganar ce komai ya lalace. Abba ya kashe amfilifaya, ya ce yaron da aka haifa jiya ba zai koya masa haɗa waya ba. Da baƙo ya tafi ya kira ni ya ce, "Auta, ba zan yi miki dole a kan kowa ba. Amma wancan dai ba da yawuna ba."

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ko sati biyu ba a yi ba Gwaggo, yayar Abba, ta iso da ɗan aminiyarta, wani dila mai katon shagon kayan sauti a bakin babban titi. Ba mugun mutum ba ne, ban da ƙanshin turarensa da ke riga shi shiga ɗaki. Shi ma Abba ya kunna masa, ya yi masa tambayar da ya yi wa Mai Gyara.

Dila ya lumshe ido ya ce, "Abba, gaskiya kunnenka ya fi ƙarfin waɗannan kayan. Kunne irin naka sai sababbi."

Ban taɓa ganin magana ta shiga Abba irin wannan ba. Tun daga ranar kullum Dila na tafe da takardu masu hotuna. Wannan sifika bakwai ce, har da na bayan kujera. Wannan wufa ce, akwatin da ke fitar da kaurin sauti, in jirgi ya wuce a fim sai ka sunkuyar da kai. Abba ya sa tabarau ya duba, ya waiwaya ya kalli tsofaffinsa, ya yi ajiyar zuciya.

Gwaggo kuma ba ta ɓoye manufarta. "Yaron nan ya ce in sun yi maka, naka ne. Kai ma ka san wanda ya ƙawata maka falo ba ya tsayawa a ƙofar gida."

A ƙarshe Abba ya yanke hukunci irin na tsohon ma'aikaci. Ya ce ido maƙaryaci ne, in ya ga sabon abu mai ƙyalli sai ya rinjayi kunne. Saboda haka za a rataya labule a falo ranar Asabar da hantsi, a jera nasa biyu da na Dila biyu a baya, a kunna ba tare da kowa ya san wanne ake ji ba. In sababbin suka fi, zai karɓa.

"Wa zai tsaya a bayan labulen?" in ji Umma, tana ninke kaya kamar ba ruwanta. "Mai sayarwa dai ba ya zama alƙali. Ga wancan yaron mai gyara, tunda ba ya cikin masu riba."

Abba ya ce, "Ya zo. Ya zo ya ji yadda sauti yake, ko ya koyi ladabi."

Washegari ana tashi daga makaranta na wuce shagon Mai Gyara. Na same shi ya sunkuya a kan wata amfilifaya da ya buɗe, hayaƙin dalma na tashi a gabansa. Yana ganina ya ajiye ƙarfen da yake narka dalmar da shi, ya share mini benci da gefen rigarsa.

"Malama, lafiya idonki ya yi ja haka?"

Na gaya masa komai. Ina cikin magana hawaye suka ƙwace mini, ni da na sha alwashin ba zan yi kuka a kasuwa ba.

"Wata huɗu," na ce, "wata huɗu ina gaida Abba yana amsa mini da ka. Gwaggo kullum tana gidanmu, har ta fara tambayata launin da nake so a ɗaki. Duk a kan me? A kan ka kasa cewa madalla."

"Ya tambaye ni ne."

"Kowa ma ana tambayarsa. Kai kaɗai ne kake amsawa."

Ya yi murmushi, amma da ya ga kukan da gaske ne sai murmushin ya ɓace. Ya miƙo mini hankici, na duba na ga duk baƙin mai ne, na mayar masa.

"Ki faɗi abin da kike so in yi," ya ce. "Ƙarya dai ba zan iya yi wa mahaifinki ba, ko don ina so in zama ɗansa."

"Ban ce ka yi ƙarya ba. Alkawari za ka yi mini. Duk abin da ka gani, duk abin da ka ji, ba za ka faɗi kalma ɗaya da za ta kunyata Abba a gaban mutane ba. In ka sake yi, wallahi mun rabu ke nan, don ba zai yafe sau biyu ba."

Ya ɗago ya dube ni. "Na yi miki alkawari," ya ce. "Amma ki sani shiru ma yana da nasa tsadar."

Ban kula da maganar ba. Na share fuskata na tafi gida ina jin na yi dabara.

Ranar Asabar falonmu ya koma kamar wurin gyaran mota. Dila ya zo da kwalaye har rufi, Abba ya ce a buɗe biyu kawai.

"Abba, ai daɗin yana cikin bakwai ɗin da wufa," in ji Dila.

"Na gaba biyu su ne masu gida, sauran 'yan rakiya ne. In masu gida ba su da kirki, rakiya ba ta gyara su."

Aka fito da wasu dogayen sifikoki sirara, baƙaƙe wuluk, suna sheƙi har kana ganin fuskarka. Gaskiya kusa da su na Abba sun yi kama da akwatunan kaka. Gwaggo ta tafa hannu ta ce ko ba a kunna ba ita ta ga wanda ya ci.

Mai Gyara ya shigo da 'yar jakarsa, ya durƙusa ya gaida kowa. Abba ya amsa yana kallon bango. Aka ɗaure igiya daga taga zuwa ƙofa, aka rataya babban labulen ɗakin Umma. Mai Gyara ya cire wayoyin sifikokin Abba, ya tura su baya, ya jera su da sababbin, ya shige ya ɓace.

Abba ya auna taku shida daga labulen, ya ajiye kujerarsa a tsakiya daidai. Gwaggo da Dila suka zauna a doguwar kujera, Umma ta tsaya a bakin ƙofa. Ni kuma na raba ruwa na samu wuri a gefen taga, inda labulen bai kai bango ba. Daga nan ina hango kafaɗar Mai Gyara da hannunsa a bayan amfilifaya.

Wani tsohon fim Abba ya zaɓa, wanda ya haska a sinima har ya haddace. Wurin da ake ruwan sama da tsawa, wani dattijo yana yi wa ɗansa magana ƙasa-ƙasa.

"Na ɗaya," in ji Mai Gyara daga baya.

Ruwa ya fara zuba. Sautin ya fito tas, amma siriri ne, mai kaifi, tsawar kamar ana kaɗa faranti. Abba ya rufe ido yana gyaɗa kai a hankali, fuskarsa ba daɗi.

"Ya isa. Na biyu."

Aka ɗan yi shiru ana sauya waya. Sai ruwan ya sake sauka, ni kaina sai da na waiwaya taga. Tsawar ta taso daga ƙasa ta bi ta cikin kujera. Da dattijon ya buɗe baki, muryarsa ta tsaya cak a tsakiyar labulen kamar mutum ne a tsaye a wurin, har numfashinsa ana ji.

Abba ya buɗe ido.

"Wannan shi ne sauti," ya ce a hankali. "Rabona da jin irinsa tun ina wurin aiki." Ya juya wajen Dila. "Ɗana, ka yi gaskiya. Na farkon nan nawa ne, na san su kamar tafin hannuna. Sun gaji, ni ne na ƙi yarda."

Dila ya washe baki har kunne. "Ai na faɗa maka, Abba. Ka ji na farkon nan? Kamar gwangwani. Wallahi ko kyauta aka ba ni ba zan ajiye su a shagona ba. Amma ka ji na biyun, ka ji aikin zamani."

Ni kuwa gabana ne ya faɗi, domin ina ganin abin da ba sa gani. Wayoyin da ke jikin amfilifaya a lokacin tsofaffi ne, masu ruwan ƙasa, waɗanda nake sharewa a gefensu tun ina yarinya. Na bi su da ido har cikin akwatunan katako. Na biyun da ake ta yabo na Abba ne, gwangwanin kuma na Dila.

"Kai na baya," in ji Abba, "ka ji yadda sauti yake ko? Fito ka faɗa musu."

Mai Gyara ya leƙo ta gefen da nake. Idonmu ya haɗu. In ya faɗi gaskiya, ya nuna wa duniya cewa Abba bai gane 'ya'yansa ba, a gaban yayarsa da baƙo. In ya yi shiru, Abba zai karɓi kayan Dila, kuma kowa a falon ya san abin da karɓar take nufi. Ni na ɗaure masa baki da hannuna, ga shi ina roƙonsa da ido ya kwance, shi kuma ya kawar da kai.

Ya fito ya durƙusa. "Abba, na biyun da ka zaɓa shi ya fi. Kunnenka bai yi kuskure ba."

Daga haka bai ƙara ko kalma ba.

"To alhamdu lillahi, magana ta ƙare," in ji Gwaggo, tana gyara mayafi. "Sai a kwashe tsofaffin a kai ɗakin ajiya. Auta, ba za ki yi wa mutum godiya ba? Ji yarinya, farin ciki har da hawaye."

Hawaye kam suna zuba, amma Allah ya sani ba na farin ciki ba ne. Haushin kaina nake ji, da haushin wannan mutum da ya zaɓi yau ya fara jin maganata. Na buɗe baki zan faɗa da kaina, na kalli furfurar Abba, na kasa.

"A sake kunna mini na biyun," in ji Abba. "Ina so in yi ban kwana da nawa da hujja."

Mai Gyara ya koma ya kunna. Abba ya tashi ya nufi labulen. Ma'aikatan sauti suna da wata ɗabi'a, ba sa yarda da akwati sai sun ɗora masa tafin hannu sun ji yadda yake rawa. Abba ya lalubi sifikar da ke aiki ta cikin labulen ya dafa.

Na ga hannunsa ya tsaya. Ya shafa sama, ya shafa gefe, ya kai yatsa kan kusurwar da ta ɓalle tun ranar da aka sauke su daga mota. Sai ya kama labulen ya yaye shi gaba ɗaya.

Falon ya yi tsit, ban da ruwan saman da ke ta zuba daga cikin akwatunan katako. Sababbin na tsaye a gefe suna sheƙi, wayoyinsu a ƙasa.

Dila ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa. Gwaggo ta ce, "Me ke nan? Wani ya yi mini bayani."

Abba bai kula ta ba. Mai Gyara yake kallo. "Me ka yi musu?"

"Ban yi musu komai ba, Abba."

"Yaro, ina tambayarka."

Mai Gyara ya dube ni. Na gyaɗa masa kai da sauri har ɗankwalina ya zame.

"Waya ɗaya ce, Abba. A bayan ta hagu, ja tana ramin baƙa, baƙa tana ramin ja. In aka yi haka, ɗaya na turawa ɗaya na ja, sai su cinye kaurin junansu, murya kuma ta rasa wurin tsayawa. Da na zo mayarwa sai na sa kowacce a gidanta."

"Ni na haɗa su da hannuna," in ji Abba. "Ban taɓa juya waya ba a rayuwata."

Daga bakin ƙofa aka yi gyaran murya. Umma ce, tana wasa da bakin zaninta.

"Malam, ka tuna shekarar da aka yi mana fenti, lokacin ka yi tafiya? To, garin shara tsintsiya ta fizge wayoyin ta hagun. Na mayar da su da kyau, har na ɗaure. Ni dai na ga ramuka biyu, wayoyi biyu."

"Shekarar fenti," in ji Abba. Ya ƙirga da yatsu. "Shekara tara ke nan."

"Ai ka hana kowa leƙa bayansu, kai ma ba ka leƙawa. Na ce in na faɗa za a yi faɗa."

Na ɗauka Abba zai yi fushin da ba a taɓa gani ba. Sai ya koma kujerarsa ya zauna, ya cire tabarau, ya rufe fuska da hannu. Kafaɗunsa suka fara rawa. Dariya yake yi, amma da ya ɗago idonsa cike yake da ƙwalla.

"Shekara tara," ya ce, "ina zaton kunnena ne yake mutuwa. Ban gaya wa kowa ba, ko ke. Kullum in na kunna na ji babu kauri, sai in ce shi ke nan, tsufa ya ci abin da na ci abinci da shi. Da yaron nan ya ce akwai abin da ba daidai ba, na ɗauka ni yake nufi."

Umma ta matso ta tsaya a bayan kujerarsa. Ni ma sai a lokacin na gane abin da muka yi wata huɗu muna faɗa da shi, tausayin Abba ya kama ni har na manta da nawa kukan.

Dila ne ya fara farfaɗowa. Ya je ya dafa akwatin katakon shi ma, ya girgiza kai. "Tsohuwar zuma da ita ake magani," ya ce. Sannan ya matsa kusa da Mai Gyara ya rage murya, amma duk mun ji. "Ɗan'uwa, maganar gwangwanin nan da na yi, don Allah ta tsaya a falon nan. Ina da guda arba'in a shago."

Har Abba sai da ya sake dariya. Ya ce masa kayansa ba su da laifi, a ƙaramin ɗaki da wufarsu za su yi daɗi, amma shi kam ba ya bukata. Dila ya shiga mayar da su kwali da kansa, Mai Gyara na riƙe masa.

Gwaggo ta miƙe ta saɓa jaka. "Yanzu saboda waya ɗaya za ka watsa mini ƙasa a ido a wurin aminiyata? Ni fa ban gama magana ba."

"Yaya, ai ba ki taɓa gamawa ba," in ji Abba cikin ladabi. "Allah ya huci zuciyarki, zan zo har gida."

Da suka fita, Abba ya kira Mai Gyara ya ce ya zauna. Ya zauna a ƙasa, Abba ya nuna masa kujera.

"Na ce ka fito ka faɗa musu. Kana da damar da za ka rama abin da na yi maka, a gaban wanda yake neman abin da kake nema. Me ya hana ka?"

"Na yi wa wata alkawari, Abba."

"In da ban taɓa akwatin ba fa?"

Mai Gyara ya ce, "Da na rasa ta. Amma da ba ta ga an yi wa mahaifinta dariya ta dalilina ba."

Abba ya mayar da tabaraunsa ya dube shi. Ni kuwa na ƙanƙame tiren ruwa a ƙirjina.

"Mahaifinka yana son fim?"

"Yana so, Abba."

"To ka zo da shi Asabar mai zuwa, da shi da duk wanda ya ga dama a cikin manyanku. Akwai abin da zan kunna musu, akwai kuma maganar da za mu yi." Ya juyo wajena yana ɓoye murmushi. "Ke kuma Auta, kin tsaya kina ta kuka a kan mutane. Tun safe baƙonki yake aiki a gidan nan, ba wanda ya ba shi ko ruwa."

Na zuba ruwan da sauri, rabi a kofi, rabi a kan kafet ɗin Umma, kuma ba wanda ya yi mini faɗa.